Masu Shiga Rumbun Kef Tawun

A bakin tekun Kef Tawun ta Afirka ta Kudu akwai tsohon rumbun masara na kankare, ginin 1924. A 2017 aka buɗe shi da sunan Zeitz MOCAA, gidan baje kolin fasahar zamani ta Afirka. Da can hatsi ake zubawa bayan an tantance. Yanzu mutane ne, ba tantancewa.

Ga Malam Na-sani. Hannu a baya, kai a karkace, ya tsaya gaban tarin ƙarafa yana gyaɗa kai. Ka tambaye shi ma'ana, ya ce aikin "yana yi wa tarihi tambaya". Wace tambaya? Tuni ya shige ɗaki na gaba. Kada a bar shi kusa da tukunyar kashe gobara, ita ma zai yi mata sharhi.

Hajiya mai waya kuwa ƙeya take ba kowane zane. A ganinta, mai tsara ginin, Thomas Heatherwick, ya fafe bututun kankare 42 ya fitar da zaure mai siffar ƙwayar masara ne don hotonta ya yi kyau. Gaskiya kuma yana yin kyau.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji ɗan kasuwa. Ya ɗaga kai har hula ta kusa faɗuwa, leɓe na motsi, lissafi yake: "Yanzu duk wannan wuri babu ko buhu ɗaya?" Ya nuna wani zane, ya ce nawa. Aka ce ranka ya daɗe, ba na sayarwa ba ne. Ya ce to Allah Ya ba da kasuwa, ya nemi benci.

Mai cewa "ai ɗana ma zai iya" ba ya rasuwa. Ɗan dai har yau bai yi ba.

Akwai wanda iska ta koro: jirgin ruwan tsibirin Robben ya fasa tashi, shi ne ya shigo rage lokaci. Taga kawai yake nema.

Sai 'yan Laraba, ranar da ɗan Afirka ke shiga kyauta da safe in ya nuna shaida. Ka ɗauka banza ce ta tara su, amma su ne masu karanta kowane allo, su bi hawa-hawa ba gajiya, su tare mai gadi da gardama kan wani mutum-mutumi har ya manta lokacin tashinsa.