Ya Kawo? Bai Kawo Ba!

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Dutse ya san ranar tashi ba ta ƙarewa da ɗaure katifa a bayan a-kori-kura. Gado ya shiga, tukwane sun shiga, an tsayar da firiji an ɗaure, sai wani yaro ya ɗaga kai ya ce, "Baba, dish fa?" To, a nan halin kowa yake fitowa fili. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991 Dutse ta zama garin ma'aikata, zuwan jami'ar tarayya a 2011 kuma ya ƙara yawan masu neman ɗaki da falo. Kullum wani yana cikin tashi, daga Takur zuwa Gida Dubu, daga Yalwawa zuwa Danmasara. Ni kaina na tashi sau huɗu, kuma idona ya ga iri-iri.

Akwai mai kwashe kaf. Shi wannan zai cire farantin, ya tumɓuke ƙarfen, ya naɗe waya, har 'yan ƙusoshin da suka riƙe wayar a bango sai ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gwangwanin madara. Gadon da yake bar wa mai shigowa ramuka huɗu ne, su ma don ba su ɗaukuwa.

Kishiyarsa shi ne mai barin amana. Ya tashi bai ce uffan ba, ka shigo ka tarar da faranti a kafe, ka jona dikodarka ka yi hamdala. Bayan wata bakwai, ranar da Arsenal za ta kara da Chelsea, sai ka ji sallama. Ga shi nan da sifana a hannu, wai ya zo karɓar kayansa.

Sai mai lissafin kwana. A Ingila da Amurka sau da yawa sai mutum ya sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu kafin a kafa masa faranti. Mu a nan wata-wata muke biya, kuma kwanakin suna tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Wannan ne ya sa mutumin nan ya ƙi tashi ranar da notis ya cika, don saura kwana tara a katinsa. Iyali sun tare a sabon gida, shi kuwa yana tsohon falo a kan tabarma, shi da talabijin, yana cin kuɗinsa.

Amma gwanina a cikinsu duka shi ne Malam Ni-Ma-Na-Iya. An kira mai saiti, ya faɗi kuɗin aikinsa, sai Malam ya riƙe baki. "Don ɗaure ƙusa huɗu? Je ka, yaro, Allah ya yi maka albarka." Ya ari tsani a wajen mai fenti, ya naɗe ƙafar wando, ya hau. Iliminsa duka guda ɗaya ne: ya dubi inda farantin maƙwabci ya fuskanta, ya juya nasa can. Bai san na maƙwabcin Nilesat yake kamawa ba, wanda ke ɓangaren yamma, alhali nasa na DStv gabas yake nema. Tauraron yana can sama da nisan kilomita kusan 36,000, Malam kuwa ya kare goshi da tafin hannu yana leƙensa kamar mai duban jinjirin watan Sallah.

Daga nan sai a jera ma'aikata. Uwargida a falo da rimot, babbar 'ya a bakin taga, ɗan auta a gindin tsani.

"Ya kawo?"

"Umma, wai ya kawo?"

"Ce masa bai kawo ba."

"Baba, bai kawo ba!"

Matsalar ita ce saƙon yana tafiya a ƙafa, hannun Malam kuwa ba ya jira. Kafin "ya kawo" ta fito daga falo, ta bi ta taga, ta hau tsani, ya riga ya wuce wurin da taku uku. Sai ka ji an haɗa baki: "Ya kawo! Ya tafi!" Malam ya fusata ya ce ba a iya kallo ba. Uwargida ta ce, "Malam, ai layin sama ya cika, na ƙasan ne babu komai." Ya ce to ai an kusa. Bai san layin saman nan ko bango ka nuna wa farantin yana iya cika ba, na ƙasan shi ne maganar. Maƙwabta sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce a ɗaga, wani ya ce a sunkuyar, wani dattijo ya ce a zamaninsu da kwando ake kamawa, babu wannan wahalar. Can wajen la'asar sakaliya, da ikon Allah, hoto ya fito tar. Yara suka yi ihu. Malam ya ɗauko sifana ya ƙara wa ƙusa ɗauri ɗaya don tabbatarwa, hoton ya tafi. Yana shirin sake lalube aka ɗauke wuta. A rana ta uku aka kira yaron nan da aka kora, ya zo da 'yar na'urarsa a wuya, minti goma ya gama, ya kuma ƙara kuɗi saboda an murɗe kan waya. Malam ya tsaya yana kallo, hannu a baya, ya ce, "Ai daidai nan na tsaya jiya."

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan kyauta ya rantse ba zai taɓa biyan kuɗin wata ba, yana yawo da faranti mai faɗin tabarma da risiba mai tashoshi ɗaruruwa, rabinsu tallan maganin ƙiba ne da Larabcin Masar. Mai eriya ya koma gida a gindin dutse, sigina ta ɓace, ya ɗaura gora a kan gora har sai da iskar farkon damina ta yanke hukunci. Ɗan Litinin, wanda iyalinsa ke Kano, faranti biyu gare shi da dikoda ɗaya, duk Juma'a tana cikin jaka tare da wankinsa, kuma duk Juma'a sai ya manta rimot. Mai gidan haya kuma ya ce kada a huda masa bango, don haka aka dasa ƙarfen a cikin tsohuwar taya da siminti a tsakar gida, inda akuya ke zuwa sosa ƙeya daidai lokacin shirin Daɗin Kowa.

Duk waɗannan ina yi musu dariya, mu gaisa. Wanda ban yafe wa ba shi ne sabon ɗan haya da ke hawa katangar da ba shi kaɗai ke da ita ba. Ya zo kafa nasa, naka ya tare masa wuri, sai ya ture shi kaɗan, ko ya zare wayarka ya sa tasa, ya sauko ya kaɗe hannu. Ni an yi mini. Mahaifiyata ba ruwanta da ƙwallo, ba ruwanta da fim. Tasha ɗaya take so, wadda ke nuna Ka'aba dare da rana, ta zauna da carbinta tana kallon masu ɗawafi. Ranar nan na dawo na same ta zaune gaban baƙin gilashi tun azahar, ba ta gaya wa kowa ba don kada ta dami mutane. Na je na tambaye shi, ya dube ni ko kunya babu ya ce, "Wallahi, maƙwabci, iska ce." A ranar ko ganyen dabino bai motsa ba, ga kuma sawun takalminsa a jikin bangona. Tsani bai fi taku goma daga ƙofata ba, sallama ɗaya ta ishe shi.

Raina a ɓace na ce ba zan biya kowa ko sisi a kan ɓarnar wani ba. Na ari tsani a wajen mai fenti, na naɗe ƙafar wando, na hau. Na sa uwargida a falo, babbar 'yata a taga. Muna cikin awa ta biyu ina tambaya ko ya kawo, sai na ji muryar Hajiya daga ƙasa, a hankali: "Ɗan nan, sauko haka nan. A kira yaron nan mai na'ura."