Likitocin Ɗan Jirgin Ƙasa Mai Kuka

A Amurka da Ingila da Jamus akwai dattawa masu furfura da ke kwashe daren Asabar a ɗakin ƙasa suna tuƙa 'yan jiragen ƙasa na wasa. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne samfurin HO, wanda aka rage girman jirgin gaske sau 87 aka ƙera shi. Ranar da kan jirgin ya fara kuka, ranar halin mai shi ke fitowa fili. Kukan nan bayani ne jirgin ke yi game da ciwonsa, amma kusan kowane mai gyara yakan ba da magani kafin ya saurari majinyacin.

A cikin masu gyaran, Sarkin Mai shi ne ya fi yawan mabiya. A wurinsa babu ciwon da ya fi ƙarfin mai, don haka yakan tsiyaya shi a duk ramin da idonsa ya gani. Gaskiyarsa ɗaya ce: idan kukan siriri ne mai tsini kamar na ɓera, to mazaunin sandar injin ne ya bushe, kuma ɗigon da bakin allura zai ɗauka ya wadatar. Sauran man da ya zuba kuwa yakan gangara cikin injin lantarkin, ya jiƙa 'yan gawayin da ke ba shi wuta, ya tara ƙura da gashin kyanwa, ya sauko kan layin dogo har ƙafafu su riƙa santsi. Idan kuma ya ɗauko man da bai dace da roba ba, haƙoran giyar ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Ƙaninsa shi ne Mai Wargaji, wanda ba ya samun natsuwa sai ya baje jirgin gaba ɗaya a kan tebur. Cikin minti 10 wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai yi tsalle ya shige kafet, ba a sake jin ɗuriyarsa. Jirgin ya daina kuka, domin ya daina tafiya. Mai Aljihu kuma ba ya ɓata lokaci: sabon inji zai saya ya liƙa, ya kunna, ya ji ƙas-ƙas ɗin nan na nan daram. Da ya ƙirga, da ya lura sautin yana zuwa sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, abin da ke nuna giyar robar da ke kan sandar ƙafafu ce ta tsage. Wannan ciwo ya yi suna a jiragen Proto 2000 na kamfanin Life-Like, kuma maganinsa sauya wannan 'yar giya, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Akwai Mai Kunnen Ƙashi. Shi cewa yake jirgin gaske ma ai yana ruri. Idan jirginsa na da na'urar da ke kwaikwayon sautin jirgin gaske, sai ya ƙure mata murya don ta danne gurnanin giya, kamar mai kiran makaɗa don kada baƙi su ji rigimar cikin gida. Za a iya kare shi da cewa wasu jiragen da gurnani aka haife su, kuma haka ne: tsoffin Athearn na cikin shuɗin kwali sun shahara da shi, suna kuma yin shekaru suna aiki lafiya. Sai dai gurnanin haihuwa daban, kukan da ya soma jiya daban. Wanda bai taɓa kasa kunne ba, ta yaya zai bambance su? Irin wannan kariyar ake yi wa Malam Zai-Lafa, mai barin jirgi ya kwana yana zagaye. Sabon jirgi kam yana amfana da ɗan gudu gaba da baya har haƙoran giya su saba da juna, amma tsagaggiyar giya ba ta haɗewa don an gudu da ita, kuma tsohon giris da ya daskare kamar ƙanzo sai an kankare shi an sa sabo.

Wanda ba a cika jin labarinsa ba shi ne Mai Sauraro, don aikinsa ba shi da armashin kallo. Yakan fara da cire murfin jirgin. Idan kukan ya ragu sosai, to murfin ne ke amsa girgizar inji kamar ƙoƙon gurmi, sai ya nemo inda suke taɓa juna ya sa ɗan soso. Idan bai ragu ba, sai ya zare sandar da ke kai juyi ga ƙafafu, ya kunna injin shi kaɗai. Inji ya yi shiru, laifin na giya ne. Ya ci gaba da kuka, nasa ne. Masu ƙorafi za su ce wannan jan rai ne, alhali bai fi rabin sa'a ba. A lokacin da ya mayar da murfin, Mai Wargaji na nan durƙushe da tocila yana laluben kafet.