Ku da Kuka Ce Ƙara Duk Ƙara Ce

Na san abin da za ku ce, don haka bari in riga ku. Na Gusau zai ce, "Malam, mi ya haɗa mu da jita?" Na Tsafe zai ce ai duk akwatin da ya yi ƙara ya gama aikinsa. Na Bungudu ba zai tanka ba sai ya ji kuɗin, ya mayar da su buhunan masara, ya yi salati, ya kaɗe rigarsa. Ku zauna, ba rance na zo nema ba.

Alhaji na Gusau, da kai zan fara. Hanyar nan da ta bi ta Bungudu, ina ta nufa? Sakkwato. To a Sakkwato ne Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar ɗin nan da yau ake cika filaye a Turai da Amurka don jin jitarsa, ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a 2008. Jitarsa ta fari da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara. Abin da kake cewa na nesa ne, a bayan gidanka aka dafa shi, ƙamshin ne bai iso maka ba.

Maganar yau ta amfilifaya mai kwalba ce, wadda makaɗan jitar lantarki ke mutuwar so. Leƙa bayanta, za ka ga 'yan kwalabe a jere, cikinsu ya yi jajir, zafi na tashi. Dattawan da suka riski rediyon da, wanda ake kunnawa a jira ya ɗumama kafin ya yi magana, sun san su. Tun 1906 Lee de Forest ya ƙirƙiro irinsu a Amurka. Taransisto ya zo a 1947, sannu a hankali ya kore su daga rediyo da talabijin, amma masu jita suka ƙeƙasa ƙasa. Dalilinsu: idan ka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, sautin kan yi kauri, ya yi gurnani mai daɗi, ka sassauta yatsa, ya dawo fes. Taransisto mai araha kuwa, da ka ƙure shi sai ya tsage.

"Mu kunnenmu bai jin wani bambanci." Haba Baba na Tsafe, da girmanka! A ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru za a faɗi haka? Ku ne fa kuke kallon makaɗin kotso yana murza danƙo a tsakiyar fata, ya buga, ya karkata kai, ya ƙara murzawa, ba wanda ya ce da shi ƙara duk ƙara ce. In ya yi ganganci ya shiga fili da fata saɓal, ku ne farkon masu tsaki. Abin da yake nema da danƙon nan, shi mai jita ke nema a cikin kwalba.

Sai dai akwai inda kuka yi gaskiya, kodayake tsintar ta kuka yi. Yaron da ya ji sautinsa ya dushe, ya ce sai ya sayar da akwatin ya sayi babba, shi ma yana buƙatar a ja masa kunne.

Ga labarin da ya kamata ya ji. A 1962, Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, shi da masu haɗa masa kaya suka kwaikwayi tsarin cikin Fender Bassman ta Amurka, kusan waya da waya, suka fitar da JTM45. Amma sautin ya fito daban. Me ya canza? Sun sauya kwalbar farko, sannan maimakon lasifikoki huɗu masu inci 10 a akwati mai buɗaɗɗen baya, suka sa na kamfanin Celestion masu inci 12 a rufaffen akwati. Wannan ɗan sauyin shi ya zama tushen sunan Marshall. Ke nan kafin ka rabu da akwatinka, sauya lasifika ka ji. Sannan ka duba kwalaben, don suna tsufa, musamman manyan, irin su EL34 da 6L6.

Samunsu kuwa, nan ake yin ta. Masana'antun da suka rage ba su da yawa: JJ a Sulobakiya, wata a Saratov ta Rasha, sai na Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai suka yi wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Shiga kasuwar Gusau ka ce kana neman 12AX7, ɗaya daga cikin ƙananan kwalaben, ka ga irin kallon da za a yi maka. Wani zai ɗauka lambar mota ce.

Girma ma ruɗi ne. Mai wat 100 kaɗan ta fi mai wat 50 ƙara, kuma daɗin kwalba ba ya fitowa sai an murɗa ta sosai. Murɗa mai wat 100 a Tudun Wada bayan isha'i, kafin ka ji daɗin mai unguwa ya iso. Mai wat 15 ta ishe ka, har da saura.

Na Bungudu, kai da ke tsoron asara, ga inda take. Wadda aka yi don Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu 230 ce. Ka cusa ta a bango kai tsaye, ka sayi hayaƙi da kuɗinka. Ga janareta mai hawa da sauka, ga zafin Afrilu da ke kai maki 40, ga ƙurar hunturu. Ba ta zama lafiya sai da taransifoma mai rage wuta in ta Amurka ce, da sitabilaiza, da sarari a bayanta don ta sha iska. Kuma kada a kunna ta ba a jona lasifika ba, taransifomar cikinta na iya ƙonewa.

Saura ƙanena mai ƙaramin sani, wanda tun ɗazu na ga ya ɗauko sukundireba yana murmushi. Ajiye. A cikin akwatin nan akwai wutar da kan haura bolt 400, kuma tana iya zama a maƙale bayan an zare filogi. Kai wa tsohon mai gyaran rediyo, wanda ya taɓa irinta, ka tsaya daga bakin ƙofa ka yi masa fifita.