Kai da Ka Ci Tsire Ranar da Aka Cire Maka Haƙori

Kowace majalisa tana da gwarzonta, wanda aka cire wa haƙori da hantsi, bayan la'asar kuma aka gan shi gaban mai tsire yana cewa a ƙara yaji. Shi ne zai je duba ƙaninsa kwana biyu bayan an yi masa aikin haƙori, ya tarar da shi kunci a kumbure yana shan kunu da ƙaramin cokali, sai ya bushe da dariya: "Haba ɗan'uwa, wannan ai raki ne. Haƙori ɗaya ne fa, ba haihuwa ka yi ba!" To Malam gwarzo, gyara zama, yau da kai nake.

Naka haƙorin a fili yake tsaye, kowa na ganinsa in ka yi dariya. Likita ya yi maka allurar kashe zafi a dasashi, ya sa ƙarfe ya girgiza shi har ya saki, ya kama da awartaki ya zare. Ko shayin da ka baro a gida bai gama hucewa ba aka sallame ka. Irin wannan, kwana biyu ko uku mutum ya koma harkarsa, cikin mako ɗaya zuwa biyu dasashi ya rufe.

Na ƙaninka kuwa turmin ƙurya ne, cikon haƙora 32 na baligi, wanda yakan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa yakan tarar babu masauki, sai ya kwanta a karkace cikin ƙashin muƙamuƙi, ya tokare na gabansa. Awartaki ba shi da inda zai kama. Dole likita ya tsaga dasashi, ya ɗaga shi, ya sassaƙe ɗan ƙashin da ya lulluɓe haƙorin, wani lokaci ya raba haƙorin gida biyu ko uku ya fitar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗinke. Haka ake yi wa wanda ya ruɓe ya karye, saiwa kaɗai ta rage. Kai gyaɗa aka tuge maka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, shi kuwa kututture aka tono. Ta yaya jinyarku za ta zo ɗaya?

Na ji mai cewa: "To in aikin ya yi kyau, me ya sa fuskar ta fi kumbura a rana ta biyu da ta uku? Likitan ne bai iya ba." A'a ranka ya daɗe, haka kumburin tiyata yake. Yakan kai ƙarshen hawansa tsakanin awa 48 zuwa 72, sannan ya fara sauka. Muƙamuƙi ma yakan riƙe, mutum ya kasa wangale baki na kusan mako guda, abin da wasu matan aure ke ɗauka a matsayin hutun da Allah ya kawo musu. Ƙanƙara a cikin tsumma, a dafa wa kunci a ranar farko, tana rage kumburin. Zaren ɗinki, wani yakan narke da kansa, wani a koma a cire bayan kamar kwana 7.

Inda kuka haɗu da ƙanin naka shi ne gurbin da haƙori ya bari. Jini yakan taru a ciki ya daskare, kuma wannan gudan jinin shi ke rufe ƙashi da jijiya, a kansa sabon nama yake tsirowa. Shi ya sa ake cewa ka cije auduga kamar rabin awa. Amma mu da ƙwaƙule-ƙwaƙule sai Allah. Harshe ya kai ziyara sau ba adadi, a tofa yawu da ƙarfi, a ɗauko tsinken sakace don "an ga wani baƙin abu a ramin". Baƙin abun nan shi ne maganin, Alhaji, bar shi!

In ya fice, ƙashi ya zauna a buɗe. Sai a rana ta uku ko ta huɗu, daidai lokacin da ake sa ran sauƙi, zugi ya taso ya harba har kunne, baki ya yi ɗoyi, paracetamol ya zama kamar ba a sha ba. A cirewa ta yau da kullum ba kasafai wannan ke wuce mutum 5 cikin 100 ba, amma a turmin ƙurya na ƙasa yakan ninka haka sau da yawa, kuma masu shan sigari su ne kan gaba. Samarin shisha, kada ku sunkuyar da kai, har da ku, domin zuƙar kanta tana iya fizge gudan jinin, haka ma shan lemo da bututu. Likita yakan wanke gurbin ya cusa wani magani, kuma in ka ji ƙamshin kanumfari kada ka yi mamaki, akwai sinadarinsa a ciki. Ga Hajiya can tana murmushi, wai dama ta faɗa. Kin yi gaskiya Hajiya, amma nasu a aune yake, ba a ce a tauna kanumfari a cusa a ɗanyen rauni ba.

Sai batun alwala. A awa 24 na farko ba a son kurkure baki, kuma a mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba, tambayi limaminku ka ji. Daga washegari sai ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, a bar shi ya zubo da kansa. Koko da kunu in sun huce, fura da nono, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi ta ɗaya gefen. Kilishi, rake da goro su yi haƙuri. Aswaki ma ya kewaye wurin.

Masu cewa cire haƙorin sama yana makantar da mutum kuwa, jijiyar gani daban, ta haƙori daban, in ba haka ba da duk masu wawulon garin nan da sanda suke yawo. Abin da yake gaskiya shi ne saiwoyin turamen sama suna maƙwabtaka da wani kogo da ke haɗe da hanci, shi ya sa likita kan hana fyace majina da ƙarfi na ɗan lokaci. A ƙasa kuma akwai jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙi. In an taɓa ta, leɓe kan yi dundum, galibi kuma yana dawowa daidai.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga, zazzaɓi, mugunya, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko wahalar haɗiya da numfashi, waɗannan ba na majalisa ba ne, asibiti za a koma a take. Mai ciwon sukari, mai hawan jini da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin su faɗa tun kafin a yi allura. Kafin ka hau kujerar nan kuma, tambayi likita kai tsaye: zarewa za a yi ko tsagawa? In ya ce tsagawa, nemi hutun kwana uku a wurin aiki, ka sa a tanadar maka gasara.