Ranar da Maigida Ƙarami Ya Ƙi Kunu

A unguwarmu, da zarar jariri ya kai wata shida, kowa ya zama likita. Yaro ya kau da kai daga nono, haƙori ne. Ya yi gudawa, haƙori ne. Jikinsa ya yi zafi rau, idonsa ya yi kwantsa, ya kwana yana tsala kuka har ladan ya kira assalatu, duk haƙori ne. Hatta tsohuwa mai tallan daddawa, wadda nata bakin saura uku suka rage, sai ta ɗaga mayafin goyo ta leƙa, ta yanke hukunci ba tare da ta ajiye tirenta ba.

Daga nan gida ya rikice. Uwa ta dama koko, ya tofar. Ta yi kunun gyaɗa da madara, ya ture cokali. A aika a ciyo bashin Cerelac a shago, ya ɗanɗana sau ɗaya ya murtuke fuska. A dama ayaba, a murje dankali, a lakato masa miyar kuka a yatsa. Uban yana zaure yana ba da umarni daga nesa: “Wai ba za ku ba yaron nan abinci ba ne?” Kaka kuwa, da yake mijinta ne na wasa, cewa take, “Ku ƙyale min maigida, girkin kishiya ya ƙi, nawa yake jira.” Nata ɗin ma a zaninta yake ƙarewa. Can anjima sai a tsinci gogan a bayan ƙofa yana gwaguyar silifas ɗin baƙo da iyakar ƙarfinsa, yawu har ƙirji. Ba rainin wayo ba ne. Dasashi ne ya kumbura yana masa ƙaiƙayi, abu mai tauri yana sosa masa, kunu mai zafi da bakin cokalin ƙarfe kuwa fama masa suke yi.

Mu fa in haƙori ya kama ɗayanmu, ƙato da gemunsa, sai ya ɗaure kai da rawani, ya cusa kanumfari a kogon, ya ƙi tuwo kwana biyu, ana ta zuwa yi masa sannu. Amma jaririn da bai iya cewa wayyo ba, ɗura muke yi masa. A kwantar da shi a cinya, a maƙale ƙafafunsa, a tara tafin hannu a bakinsa, wata ma har ta toshe masa hanci don ya haɗiye dole. Dukanmu mun gani, da yawanmu da ita aka raine mu, kuma muna faɗa da alfahari. Sai dai kunun da aka tura wa yaro yana tsakiyar kuka yana iya saɓa hanya ya faɗa huhu, daga nan sai tari da sarƙewar numfashi. A ce me ya same shi? Haƙori ne.

Magani kuwa ba a magana. Akwai dauri a kasko, akwai laya a wuya, akwai rubutu, akwai mai cewa a goga zuma, alhali likitoci sun hana ba jariri zuma kafin ya cika shekara. ’Yar boko ta yi wa surukarta dariyar laya, sannan ta zaga kemis ta sayo garin maganin haƙori da ruwan kwalba kala uku, ba wanda ya rubuta mata. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka samu gubar sinadari a cikinsa, ya lalata ƙodar yara, aka ƙirga 84 da suka rasu a Najeriya, hukumar NAFDAC ta bi shaguna tana kwashe shi. Mun yi salati, mun girgiza kai, bayan ’yan shekaru muka koma muna tambayar mai kemis, “Wanne ya fi ƙarfi?”

Shi dai haƙori kura ne da shan bugu, gardi yana gefe. Abin da yake jawowa bai wuce dalalar yawu, rigima, ɗan ɗumin jiki da ƙin abinci na ’yan kwanaki ba. Rashin sa’arsa, lokacin fitowarsa ya zo daidai da lokacin da garkuwar da yaro ya samo daga cikin uwa take raguwa, aka fara ba shi ruwa da kunu, ya soma jan ciki yana kai duk abin da ya tsinta baki, har kashin kaza. Gudawar daga nan take. Zafin jikin da ya kai 38 a ma’auni kuma, a ƙasar sauro, gwajin maleriya yake nema. Mai gudawa ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ake ba shi, in ido ya faɗa ko maɗiga ta loɓa a sungume shi sai asibiti. Amma faɗin “haƙori ne” ba ya cin kuɗin mota, shi ya sa muke ƙaunarsa.

Dattijan matan da suka goyi goma sun san dabarar, ko da ba su faɗa a taron suna. A wanke hannu a murza masa dasashi da yatsa. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya tsotsa. A bar kunu ya huce, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, nono kuma duk sanda ya nema, tunda shi ne abin da ba ya cika ƙi.

Wata safiya cokali zai yi ƙas a bakinsa, a ga fari ɗan tsito a dasashin ƙasa. Gida ya ɗauki guɗa. Uban da bai yi jijjiga ko ta dare ɗaya ba ya ce ai irin haƙoran gidansu ne. Uwa ce ke fara karɓar tukuici, don a nononta zai gwada kaifinsa, ta yi ƙara ta ce, “Kai, ɗan nema!” Haƙoran madara 20 ne, saura 19, turame ma sai ya haura shekara. Da yamma kuma a shiga da shi maƙwabta barka, wannan da ya yi mako yana yajin cin abinci ya rarrafa ya tsoma hannu a kwanon tuwon mutane, ya ci har da kuka da aka janye kwanon, matar gidan tana kallon uwarsa tana cewa, “Maman Abba, anya kina ba yaron nan abinci kuwa?”