Babbar Rigar da Kawu Bai Taɓa Sawa Ba

A ƙasar Kudan da Makarfi, da zarar an fara saran rake kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwa su kankama, kuma yanzu biki bai cika ba sai an raba kalanda mai hoton ango da amarya. Da aka sa ranar auren ɗan Kawu a Taba, ni aka ɗora wa wannan aiki, don a wurin dangi duk wanda ya yi karatu a Zariya ya san kwamfuta ciki da bai.

Sai dai babu hoton da za a buga. Uban amarya ya ce shi bai san wani hoton kafin aure ba, 'yarsa ba za ta jera kafaɗa da namiji ba sai an shafa fatiha. Ango yana da nasa a waya, tsaye a bakin gonar rake, rana ta sa ya kanne ido. Amarya kuwa a ɗaki aka ɗauke ta, hasken taga na dukan kuncinta guda. Ana cikin haka Kawu ya ce ai uban ango ma sai ya fito. Ya laluba aljihu ya zaro abin da ya mallaka na hoto a duniya, wani ɗan fasfo da ya kwana biyu, daga wuya zuwa hula.

A Sabon Garin Zariya na sami wani matashi mai haɗa hotuna. Ya jujjuya kayan da na kawo, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ƙaramin alhaki ne." Da CorelDraw yake aiki, manhajar da wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, wadda har gobe masu buga fasta da katin gayyata ke ji da ita. Gyaran fuska kuma sai ya koma Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, ta shiga kasuwa a 1990. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: kowane hoto yana zaune a shimfiɗarsa daban, a bi gefen mutum a yanke shi daga inda ya tsaya, a ɗora wannan bisa wancan, a matsa, a ƙara girma, a rage. Ta haka ne a zaɓen 2015 'yan takara da dama a Arewa suka bayyana a fasta kafaɗa da kafaɗa da Muhammadu Buhari, kowa na neman tubarrakin "sak".

Nan da nan ya tsige ango daga gonar rake, ya ɗauko amarya daga ɗakinta, ya dasa su gaban wani bene mai furanni. Da aka zo kan Kawu sai ya ɗan yi jim, don kai ba ya tsayuwa babu gangar jiki. Ya shiga intanet ya samo wani bawan Allah mai ƙiba cikin shadda gezna, aikin hannu aska takwas, agogon zinare a wuyan hannu, ya ɗaga hannu yana jinjina. Ya fille masa kai, ya ɗora na Kawu. Da ya ga jikin ya ba ma'aurata baya, sai ya danna wani wuri ya juya shi kamar a madubi. A fuskar kwamfuta komai ya fito tsaf, har na yi masa ihisani.

Takarda ba ta da kunya irin ta kwamfuta. Masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci kafin hoto ya fito tas, fasfo ɗin Kawu kuwa an ja shi ya ninka kansa sau da yawa, sai fuskar ta yi dishi-dishi a bisa rigar da ake iya ƙirga zarenta. Launi ma ya sauya, domin allon kwamfuta da haske yake haɗa nasa, inji kuma da tawada huɗu. Koren leshin amarya mai ɗaukar ido ya koma na miyar kuka.

Ranar ɗaurin aure aka raba kalanda a ƙofar gida. Wani dattijo ya ƙura mata ido, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin rana biyu ta fito ba, amma ga hasken ango daga dama, na amarya daga hagu. Liman ya ja Kawu gefe ya tambaye shi a hankali, tun yaushe ya fara yi wa jama'a jinjina da hannun hagu?

A nan dole a yi wa yaron nan adalci, ba shi ne farau ba. Akwai sanannen hoton shugaban Amurka Abraham Lincoln, wanda aka kashe a 1865, yana tsaye cikin alkyabba, alhali kai ne kawai nasa. Jikin na John Calhoun ne, ɗan siyasar da ya yi ƙaurin suna wajen kare bauta, ga shi Lincoln ne ya 'yanta bayi. Can kuma fuskar aka juya, har tawadar Allah da ke kumatunsa ta koma ɗaya ɓangaren, kuma an daɗe kafin a lura. Mutanen Taba ba su kai sallar la'asar ba, don a garin da kowa ya san yawan rigunan kowa, ba a ɓoye sabuwar gezna.

Matar Kawu ce ta fara. Ta zazzage akwati da adaka ba ta ga riga ba, sai ta yanke cewa akwai gidan da ake ajiye ta, kuma duk gidan da namiji ke ajiye riga irin wannan, da magana. Washegari mai takin da ke bin Kawu bashi ya yi sallama da kalanda a hammata, ya ce ba ya son komai, a sayar da agogon kawai. Wani maƙwabci kuma ya zo aron rigar zai je sakatariyar ƙaramar hukuma a Hunkuyi. Kawu ya rantse ba shi da ita. Maƙwabcin ya ce ai ba sai an yi rantsuwa ba, mai abu shi ke da abinsa. Kafin mako ya zagayo, Kawu ya zama attajiri, marowaci, mai shirin ƙara aure, duk bai motsa daga kan buzunsa ba.

Da ya aiko a kira ni, na tafi gwiwa a sanyaye. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ko in bi gida-gida in karɓo su?"

"Ka karɓo me? Yaro, har Ikara ta kai. Tashi ka raka ni Zariya."

Ashe ya sayar da wani sashe na rakensa. Muka shiga cikin birni wurin masu ɗinkin hannu, waɗanda suka gaji aikin babbar riga kaka da kakanni. Kawu ya shimfiɗa kalanda ya ce irin wannan yake so, kada a rage ko zare. Maɗinkin ya gyara tabarau, ya duba, ya sake dubawa. Aljihun babbar riga da askakenta a ƙirjin hagu suke zama, na hoton kuwa sun koma dama.

"Baba, a hagu za a sa aljihun irin na kowa, ko a dama irin na hoton?"

Kawu ya ce a dama, tunda haka mutanen gari suka gani. Sannan ya juyo gare ni ya tambayi inda ake sayar da agogo mai ruwan zinare, amma mai sauƙin kuɗi.