Harufan Bizar Shengen Da Abin Da Ya Sami Wanda Ya Zaɓi Na Farko

Bizar Shengen takarda ce guda da ke buɗe wa matafiyi ƙofar ƙasashe 29 na Turai. Sunan na wani ƙauye ne a ƙasar Luksambog, inda ƙasashe 5 suka rattaba hannu a 1985 kan cire shingen da ke tsakaninsu. Faransa da Jamus da Italiya da Sifen duk suna ciki, amma ban da Ingila, komai kusancin da taswira ta nuna.

An kasa bizar da harufa: A da C da D. A da can akwai B, ta masu ratsa ƙasa, amma ta riga mu gidan gaskiya a 2010, C ta gaji aikinta. Harufan nan ba makin jarrabawa ba ne. Faɗin haka ya zama dole, domin duk wanda ya yi boko a Najeriya ya tashi da sanin A ta fi C, C kuma ta fi D. Mai wannan rubutu, ɗan kasuwar fata ne a Kano, yana cikin waɗanda suka tunkari lamarin da wannan ilimi.

Biza mai harafin A ta yada zango ce a filin jirgin sama. Abin da ta halatta shi ne mutum ya sauka daga wannan jirgi, ya zauna a zauren jira na matafiyan ƙasashen waje, ya hau wancan. Ba ta kai shi ƙofar fita. 'Yan yawancin ƙasashe ba sa bukatarta, amma Najeriya da Gana suna cikin ƙasashe 12 da aka wajabta wa 'ya'yansu ita a dukkan yankin, sai dai waɗanda aka keɓe, kamar wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai rai. A taƙaice, A ita ce hangen Dala, wanda ba shiga birni ba ne.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne na marubucin. Tafiya ta kama shi zuwa Brazil don ganin yadda suke jima, tikitinsa kuma ya biyo ta Paris da zangon awa 16. Da ya je wurin yaron da ke cike wa mutane fom a intanet, yaron ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, A za a yi ko C?"

"Nawa ne kowacce?"

"Kuɗinsu ɗaya, Alhaji. Yuro 90."

Yaron gaskiya ya faɗa, haka farashin yake tun watan Yunin 2024. Marubucin, wanda bai taɓa ganin A a takardar WAEC ɗinsa ba, ya gyara hula ya ce, "In kuɗi ɗaya ne, wa zai bar babba ya ɗauki ƙarama? Sa mini A." Yaron ya buɗe baki zai yi bayani, aka ɗaga masa hannu, domin ba a koya wa falke ciniki.

Biza ta fito ba gardama, abin da marubucin ya fassara da cewa Turawa sun san manyan mutane. Ya yi wa uwargida alƙawarin hoto a gindin hasumiyar Eiffel. Ya kira wani ɗan'uwansa mai karatu a Paris ya ce ya tarye shi a bakin ƙofa, ga kilishi leda uku yana tafe da su, mai yaji biyu, mai ƙuli ɗaya.

Da asuba jirgi ya sauka. Marubucin ya bi layin masu shiga gari, babbar riga tana jan ƙasa, ya miƙa fasfo. Jami'in ya duba, ya sa yatsa a kan harafin, ya nuna masa hanyar da ya fito. Marubucin ya sa nasa yatsan a kan harafin, ya ɗaga babban yatsa sama, don kada jami'in ya kasa gane darajar abin da ke gabansa. An yi haka sau uku, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai waye ba. Wata Basanagaliya da ke bayansa ce ta raba gardamar da guntun Turancinta, ta ce takardarsa ta kujera ce, ba ta gari ba.

Tsakanin filin jirgin da tsakiyar Paris kusan kilomita 25 ne. Hasumiyar da marubucin ya gani ita ce ta jikin maƙalin makulli a shagon tsaraba, kuma da ita aka yi hoton da aka aika gida. Uwargida ta amsa da cewa, "Maigida, ashe dai a talabijin ne take da girma." Ɗan'uwan ya tsaya awa 2 a bakin ƙofa, sannan ya koma aji.

Bizar da ta dace da irin wannan buri ita ce C, ta gajeren zama. Ita ake bai wa mai yawon buɗe ido, da mai ziyarar dangi, da mai zuwa taro ko ciniki ko ganin likita. Iyakarta kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana ƙirga kwanakin ne a dunƙule, ba kowace ƙasa da nata ba. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da shaidar masauki da ta guzuri, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fita. C ce kuma ke kan wanda zai canja jirgi a filaye biyu na yankin, kamar Paris sannan Frankfurt, domin jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, hawansa shiga ƙasa ne.

D ita ce ta dogon zama, fiye da kwana 90: karatu, aiki, ko komawa wurin miji ko mata. Kowace ƙasa da nata sharuɗɗan a kanta. Wadda makaranta ta raina ke nan, ga shi ita ce mai ɗaki da katifa.

Bayan harafi, sai sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ana neman biza a ofishin jakadancin ƙasar da ita ce ainihin manufar tafiyar, ko wadda za a fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun zo daidai, sai wadda za a fara taka ƙasarta. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, kada dai a bari ya gaza kwana 15. A jikin bizar kuma akwai gurbin da ke nuna sau nawa za a shiga: 01, ko 02, ko MULT ga mai shiga da fita. Na marubucin 02 ne, saboda haka a hanyar dawowa ya sake samun kujerarsa, har mai shara ta gane shi.

Saura hukuncin kilishi. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara daga wajen yankin, komai harafin bizarsa. Da C ya ɗauka, da leda ukun nan a hannun kwastan suka ƙare. Da yake A ce, marubucin ya zauna a kujera mai kallon titin jirage ya cinye su shi kaɗai, ya bi da ruwan gora mai tsadar buhun gero. Wannan ita ce fa'ida guda da bincike ya gano wa biza mai harafin A, ban da wadda aka yi ta dominta.